Anfirmiyen da Ba Ya Shan Shayin Kowa

A unguwar Zango ta Damagaram an san Suma'ila anfirmiye, ma'aikacin jinya, da abu biyu. Hannunsa ba ya kuskure jijiya in zai sa wa majinyaci ƙarin ruwa, ko da jariri ne wanda gudawa ta tsotse. Sannan ba ya cin abin hannun kowa. In ana suna ko ɗaurin aure zai je, ya gaisa da jama'a, ya zauna a tabarma, amma da an miƙo kwano sai ya ɗaga hannu ya ce a ƙoshe yake. Wasu suka ce girman kai ne na wanda ya yi lekkol, karatun boko. Wasu suka ce sammu yake tsoro. Waɗanda suka san gaskiyar maganar ba su da yawa: matarsa Balki, da Likita Adam mai kilinik ɗin da yake aiki, da Majo Shatu, shugabar ma'aikatan jinya a wurin.

A wani ƙauye gaba da Damagaram Takaya aka haife shi, gidan manoman gero da gyaɗa. Shi ne ɗan fari, don haka mahaifiyarsa ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Tun ranar da ya shiga makarantar aikin lafiya ta koma ce masa Likita, ƙauyen gaba ɗaya ya ɗauka. Mahaifinsu ya rasu kafin ya ga ƙarshen karatun, gona ta koma hannun ƙanensa Tahiru, shi kuwa ya zauna birni, ya yi aure, aka haifa masa 'ya mace aka sa mata Raliya.

Matsalar daga hatsari ta faro. Yana dawowa daga aikin rigakafi a wajen Takieta, jaki ya ratso hanya, motonsa mai ƙafa biyu ya kayar da shi ya bugu a ƙugu. Aka rubuta masa tramol don ya samu barci. Ciwon ya yi sauƙi cikin 'yan watanni, amma shan ƙwayar bai tsaya ba. Da ya sha sai ya ji duniya ta yi masa daidai, ya yi aikin mutum biyu bai gaji ba, ya yi wa majinyata fara'a. In ta sake shi kuwa sai hamma da zufa da tsamin gaɓoɓi, ya ji ko sallamar mutum ba ya so. Da ordinas, takardar maganin da aka rubuta masa, ta ƙare ya koma wurin masu tallan magani a faranti. Daga baya hannunsa ya kai ga kabad ɗin kilinik.

Majo Shatu ce ta kama shi. Wata rana da hantsi ta leƙa ɗakin ɗaurin ciwo ta same shi a tsaye, almakashi a hannu, idanunsa a rufe, wani tsoho mai gyambo yana zaune yana kallonsa cikin mamaki. Ta karɓi almakashin ta ƙarasa aikin da kanta. Sannan ta ja shi ofis ta rufe ƙofa.

"Tun yaushe?" ta ce.

Bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai ya faɗa mata.

Likita Adam ya so ya sallame shi nan take. Majo ce ta tsaya masa, ta ce ta yi shekaru tana koyar da matasa aikin nan ba ta ga hannu irin nasa ba. Aka daidaita a kan ya tafi ya yi jinya har jikinsa ya saki ƙwayar, in ya dawo kuma za a riƙa gwada fitsarinsa ba tare da an sanar da shi ranar ba. Likitan ya sa aka kawo wasu tsinkayen gwaji daga Yamai. Ana tsoma tsinken a fitsari, a ajiye a kan tebur, a jira. In layi biyu suka fito, lafiya. In layi ɗaya ne, aikinsa ya ƙare, kuma labari zai kai inda ba wani kilinik da zai sake ɗaukarsa.

Ranar da ya dawo aiki, ya rame ya yi baƙi, Majo ta ɗaga masa tsinken a gaban idonsa.

"Suma'ila, wannan abin ba ya jin rantsuwa. Bai san ka sha da gangan ba, bai san an ba ka ba ka sani ba. Abin da ya gani kawai yake faɗa, wani lokacin ma har abin da ya yi kama da shi. Ka san siron tari akwai mai kodeyin a ciki. Ka san akwai magungunan mura da na kashe ƙwayoyin cuta da ke ruɗa shi. Ko farasitamol za ka sha, ka nuna mini kwalin tukuna. Amma ba su ne nake ji maka ba, waɗannan suna da suna a jikinsu. Abin da nake ji maka shi ne wanda ba a rubuta komai a kansa ba."

Ya gane abin da take nufi. Ya san masu kofi a tasha da ke fasa ƙwaya a cikin tukunya don direbobi su riƙa dawowa. Ya san masu jiƙo a kwalba, waɗanda ke cewa saiwa ce zalla ta maganin ciwon baya, mutum ya sha ya ji garau cikin ɗan lokaci ya yi ta sa musu albarka. Da can yana jin labarin ya yi dariya. Yanzu sai ya ga garin gaba ɗaya ya cika da kofuna da kwalabe da ba wanda ya san abin da ke cikinsu.

Haka ya shiga wata irin rayuwa. Balki ce kawai ke dafa abin da zai ci. Da safe ta zuba masa ruwa a gora, ta ɗaure masa abincin rana, shi ma ba ya barin kwanon inda idonsa ba ya kai. A fada, inda ya saba zama da abokai bayan la'asar, sai a zagayo da ƙaramin kofin shayi a tsallake shi. Da farko suna tsokanarsa, daga baya suka daina, daga baya kuma ya lura in ya iso hirar takan yi sanyi. Sai ya rage zuwa. Lokacin ɗari tari ya kama shi har yana riƙe ƙirji, kwalaben siro jere a gabansa a farmasin kilinik, ya wuce su ya je gida Balki ta dafa masa citta da lemun tsami. Da haƙorinsa ya ruɓe aka cire, mai cirewar ya rubuta masa maganin zafi mai ƙarfi, ya ce a'a, farasitamol ya ishe shi. Ya yi kwanaki da kumburarren kunci yana yi wa mutane allura, hawaye na zubo masa ta ido ɗaya.

Gwajin kuwa ba shi da lokaci. Wani sa'in a jera masa a mako guda, wani sa'in a yi shiru har ya fara sakin jiki, sai kawai ya ji muryar Majo daga bakin ƙofa: "Suma'ila, zo." Ya san bai sha komai ba, amma duk lokacin da tsinken ke kan tebur yana jiƙewa a hankali, sai ya shiga lissafin duk abin da ya shiga bakinsa tun shekaranjiya. Layi na farko ba ya jinkiri. Na biyun ne ke ɗaukar lokaci, ya fito dishi-dishi kamar mai shawara.

Abu ɗaya ne bai yi ba: bai gaya wa mutanen ƙauye ba. Watannin da ya yi yana jinya, ce musu aka yi an tura shi ƙarin karatu. Inna ta san dai yana fama da baya tun hatsarin, don haka wata rana ta aiko masa da kwalbar jiƙo da ta saya ranar kasuwa, ruwan ja-ja mai warin ɗaci. Ya jujjuya kwalbar a hannu, ya fita ya tuttular a kwata. Da ta kira a waya ta tambaya, ya ce ya sha, ya ji daɗinsa.

Balki tana jinsa. Da ya ajiye wayar ta ce, "Baban Raliya, ka gaya musu mana. Ko Tahiru ne ka gaya masa. Yanzu ka ce ka ji daɗinsa, gobe wata kwalbar za ta aiko."

"In ce mata me? Likitan da take alfahari da shi ɗan ƙwaya ne?"

"Ka ce mata ka yi ciwo ka warke."

Maganar ta tsaya nan.

Ya shekara da wani abu a haka, layi biyu kullum. Har Likita Adam ya fara amsa gaisuwarsa da sakin fuska. Sai kaka ta zo, damina ta yi kyau a shekarar, Tahiru ya kira ya ce gero ya fi ƙarfinsu, ya tara gayya ranar Asabar, ko Yaya zai zo ya sa albarka. Suma'ila ya nemi izini ya tafi. Balki ta cika masa gora biyu da ruwa, ta soya masa ƙuli-ƙuli, ta haɗa da dabino.

Ya daɗe bai ga gonar a cike haka ba. Samari fiye da goma suna sare kara, mata na bin baya suna yanke zangarniya, ana ɗaure dammuna. Ya tuɓe rigarsa ya shiga cikinsu. Rana ta kaka ba ta da tausayi, ƙasa na huci, ƙaiƙayi na cin wuya. Kafin azahar ya shanye gora ɗaya. Ɗayar da ya ajiye a gindin gawo, ya je ya tarar wata mata ta wanke wa ɗanta fuska da ita ta ba yaron sauran ya sha. Rijiya na da nisa, bayansa ya fara yi masa magana, harshensa ya manne da ganɗa.

Abin da ya ba shi mamaki samarin ne. Tun safe suke aiki ba wanda ya zauna, suna ihu suna waƙa, in ɗaya ya gaji sai ya ruga inuwa ya ɗaga wata jarka mai ruwan ɗorawa ya kwankwaɗa ya dawo. Ya ga abin, amma ƙishi ya hana shi tsayawa ya yi tunani. Tahiru ya hango shi ya jingina da itace, ya taho da jarkar.

"Yaya, ka sha kunu, ka ga yadda ka yi kuwa?"

"Wa ya dama?"

"Inna ce da kanta, da asuba."

Kunun tsamiya ne, irin wanda ya tashi yana sha tun yana yaro. Hannun mahaifiyarsa ne. Ya ɗaga jarkar ya sha, ya sha sosai, tsamin ya ratsa shi har ƙeya. A can ƙarshen maƙoshi ya ji ɗan ɗaci, ya ɗauka na tsamiya ne da ta daɗe.

Ya koma aiki. Bai san lokacin da abin ya fara ba. Ya dai lura ya sunkuya ya ɗaga dami bayansa bai ce komai ba. Sai wani ɗumi ya taso daga cikinsa ya bazu zuwa kafaɗu, hayaniyar gonar ta yi masa daɗi, ya ji yana son kowa. Hancinsa ya fara ƙaiƙayi. Ya kai hannu zai sosa, sai hannun ya tsaya a iska. Ya san wannan ƙaiƙayin. Jikinsa ya riga shi ganewa, kuma abin da ya fi tsorata shi, jikin murna yake yi.

Ya ajiye damin a hankali. Ya je ya kamo Tahiru a wuyan hannu ya ja shi bayan wani tarin kara inda ba a ganinsu.

"Me ka sa a kunun nan?"

Tahiru ya yi dariya, idanunsa sun yi ƙanana suna ƙyalli. "Haba Yaya, kai da kake likita. 'Yan ƙwayoyi ne kawai muka fasa a ciki. Kowace gayya haka ake yi yanzu. In ba da shi ba wa zai iya da wannan ranar?"

"Inna ta sani?"

"Ina za ta sani? Bayan ta kawo muka sa."

Suma'ila ya ɗaga hannu zai mare shi, sai ya ga hannun ba shi da fushi a cikinsa, ƙwayar ta kwashe. Ya sauke. Ya juya ya zura yatsa a maƙoshi ya yi ta kakari, abin da ya fito kaɗan ne, kuma ya san aikin banza ne, abin ya riga ya shiga jini. Ya zauna a ƙasa. A nan, bayan tarin kara, ya gaya wa ƙanensa abin da ya ɓoye musu: hatsarin, da kabad, da watannin da aka ce karatu ya tafi, da tsinken da ke jiransa a kan teburin Majo. Tahiru ya daina dariya, amma ƙafarsa ba ta daina rawa ba.

"Wallahi Yaya ban sani ba. Da ka gaya mini."

"Kai tun yaushe kake sha?"

"Ni ai don aiki ne kawai."

Suma'ila ya dube shi. Da bakinsa ya taɓa faɗin wannan maganar.

A motar komawa Damagaram washegari, abin ya sake shi, hamma ta fara. Tunani iri-iri suka zo masa. Zai iya kira ya ce zazzaɓi ya kama shi, ya kwanta a gida har jikinsa ya wanke. Zai iya shan ruwa kamar raƙumi. Wataƙila ma Majo ba za ta kira shi ba a wannan makon. Akwai kuma wani tunanin da ya zo a hankali, ya zauna kusa da shi kamar abokin tafiya: tunda an riga an ɓata, ƙwaya ɗaya a kai ba za ta ƙara komai ba. Da suka sauka a tasha, mai tallan magani na farko da ya gani sai da ya ji yawu ya taru a bakinsa. Ya tari kabu-kabu ya ce a kai shi gida, kada a tsaya ko'ina.

Balki ta saurare shi har ya gama, hannunta a kan baki. Sannan ta ce, "Gobe ka riga Majo magana. In ita ta gano, ba wanda zai yarda da kai, har ni sai na yi kokwanto."

Ranar Litinin tun kafin ya sa farar riga ya ƙwanƙwasa ofishin Majo. Ya faɗa mata komai a tsaye. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau.

"Ka san duk wanda ya koma, da labari yake zuwa? Wani ya ce a biki aka ba shi, wani ya ce matarsa ce ta yi kuskure."

"Na sani, Majo."

"To ta yaya zan bambanta naka da nasu?"

"Ba ki da yadda za ki yi."

Ta buɗe durowa ta ɗauko tsinke ta miƙa masa ƙaramin kofi. Da ya dawo ta tsoma ta ajiye. Layi na farko ya fito. Suka tsaya su biyu suna kallon farin wurin da na biyu ya saba fitowa. A waje wani yaro na kuka, ana kiran sunayen masu jira. Wurin ya zauna fari.

Likita Adam ya ce yarjejeniya yarjejeniya ce. Majo ta shiga wurinsa ta rufe ƙofa, Suma'ila na zaune a benci tare da majinyata, wata tsohuwa har tana tambayarsa ko shi ma ba shi da lafiya ne. Da Majo ta fito ba ta yi murmushi ba.

"Don ka zo da ƙafarka ne. An mayar da kai farko, duk abin da ka tara ya goge. Ba ka shiga farmasi, ba ka yin gardin dare kai kaɗai, gwaji kuma zai ƙaru. Likita ya ce in aka sake, ko a ruwan alwala aka zuba maka, kada in zo masa da magana. Ni ma ba zan zo ba."

Makonnin da suka biyo baya sun fi na farkon wuya, don yanzu jikinsa ya tuna. Duk da haka, da aka gama kai gero rumbu ya je ya taho da Tahiru, ya ce wa Inna zai nema masa aiki a birni. Ya sauke shi a zaure, ya kai shi inda shi ma aka yi masa jinya. Tahiru ya yi ƙoƙari da farko. Ya yi zufar, ya yi amai, ya yi kuka yana cewa ƙasusuwansa ake sarewa. Sai wata rana ya tashi garau, ya share tsakar gida, ya ɗebo ruwa, yana yi wa Raliya wasa. Balki ta dubi mijinta, shi ma ya dube ta, sun gane ya koma wa ƙwayar. Tun daga ranar ta daina barin tukunya a kan murhu in za ta shiga ɗaki, randar ruwan shansu ma ta mayar da ita ƙuryar gado.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Tahiru bai dawo ba tukuna, Suma'ila ya ɗaga tabarmar zaure zai kakkaɓe. Abin na nan a ƙasa, katin ƙwaya, an ɓalle biyu, sauran na jere a cike. Ba kowa a zauren. Ya ɗauka. Bai san tsawon lokacin da ya yi a tsaye ba, yana jin santsin ledar a yatsunsa, babban yatsansa ya riga ya hau kan ɗaya yana dannawa kaɗan-kaɗan. Da ƙyar ya buɗe baki.

"Balki! Zo ki karɓi wani abu."

Ta fito da gari a hannu. Ta ga abin, ta ga fuskarsa. Sai da ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin ta iya cirewa. Ta wuce da shi bayan gida ta jefa a masai.

Da Tahiru ya dawo ya ga tabarmar a naɗe, bai tambayi komai ba, su ma ba su ce masa komai ba. Bayan kwana kaɗan ya ce ya samu abokan tafiya arewa, wurin haƙar zinariya a Jado, wai can ana samu. Suma'ila ya roƙe shi, ya yi masa faɗa, ya ce zai gaya wa Inna. Tahiru ya ce, "Ka gaya mata, Yaya, amma ka fara da naka." Da safe ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Suma'ila ya je ƙauye ya gaya wa Inna duka biyun. Ta saurara tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Da ya gama ta ce Allah ya kyauta, ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Har yanzu yana aiki a kilinik ɗin, yana ɗaurin ciwo da allurar yara. In an kawo jaririn da jijiyarsa ta ɓuya, shi ake kira, wani ma'aikacin ya tsaya a bayansa har ya gama. Tahiru yakan kira in ya samu inda waya ke kamawa. Kiran ƙarshe da la'asar ne, Suma'ila na zaune a ƙofar gida. Ana jin ƙarar inji da iska a bayansa. Ya ce lafiyarsa lau, ramin da suke haƙa ya yi zurfi har sai da igiya ake sauka, shi ne ma ke fara shiga kullum don ba ya jin tsoro, ba ya gajiya. Yana magana da sauri, yana dariya, maganar na hawa kan wata. Suma'ila ya ce, "Tahiru, saurara," amma bai tsaya ba, yana ta ba da labarin wani dutse mai ƙyalli da suka gani, har layin ya yanke.